Ɗan Hausa da Makarantar Nasarawa: Abin da Hanya Ta Koya wa Malami Kafin Ya Shiga Aji

A shekarar 1908 Turawa sun cika shekara biyar da cin Kano da Sakkwato, amma babu wata makaranta tasu da ta tsaya da ƙafarta a ƙasar sarakuna. Ba don ba su gwada ba. Likita Mila na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, ya buɗe wata a Zariya a 1907, da nufin ya tara 'ya'yan sarakuna da malamai ya koya musu boko, amma iyaye suka noƙe. Kowa ya san abin da ya kawo Mila ƙasar nan. Yana cikin ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama daga birni a 1900 bayan 'yan kwanaki kaɗan da isowarsu. Ga alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin mutane ba, ga kuma tashin Satiru da yaƙin Haɗeja na 1906 waɗanda ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba. Gwamnati tana bukatar masu rubuta haraji da masu riƙe littafin baitulmali da na kotu, amma tana tsoron duk abin da zai harzuƙa jama'a.

Ƙasar kuwa cike take da makarantun allo. Ƙiyasin da ake jingina wa Lugga ya kai wajen 25,000. Wato ba jahilai aka zo koya wa karatu ba. Mutane ne masu nasu karatun da nasu malaman, waɗanda ba su ga dalilin miƙa ɗa ga Nasara ba.

Wanda Gwamna Percy Girouard ya ɗora wa aikin kafa makarantar gwamnati ba horarren malamin makaranta ba ne. Ƙaramin jami'in mulki ne a Barno mai suna Hanns Vischer, wanda Kanawa suka fi sani da Ɗan Hausa, wanda gidansa na ƙasa yake nan har yau a Nasarawa a matsayin gidan tarihi. Abin da ya bambanta shi da sauran Turawan mulki shi ne ya taka ƙasa da yawa, kuma tafiyoyinsa iri biyu ne. Ta farko shi ya zaɓar wa kansa, ta biyu aikensa aka yi. Kowace ta bar sawunta a cikin ajin da ya buɗe, kuma sawun bai zo iri ɗaya ba.

Wata biyar a cikin ayari

An haifi Vischer a 1876 a Basel, ƙasar Suwizalan. Ya yi karatu a Kembirij, ya zo Nijeriya a 1901 tare da CMS, ya zauna da su Mila a Loko bakin kogin Binuwai. Bai daɗe a aikin mishan ba ya ajiye. A 1903 ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Barno. Ya tarar da ƙasar da Rabeh ya tarwatsa: Kukawa kango ce tun 1893, mutane sun watse, Shehu Garbai yana ta ƙoƙarin tattaro su. A nan ya ƙara Barbarci da Larabci a kan Hausar da ya zo da ita.

A 1906, da hutunsa ya ƙare, maimakon ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko kamar kowa, sai ya sauka a Tarabulus, wadda a lokacin take hannun Turkawa, ya ce ta hamada zai koma bakin aiki. Hanyar tsohuwa ce, ta fatake da bayi: daga Tarabulus zuwa Murzuƙ a ƙasar Fazzan, a gangara Kawar da Balma, a keta rairayi zuwa Tafkin Chadi, fiye da kilomita 2,000. Ta nan Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasa, da abokan tafiyarsa suka shigo kafin ya isa Kano da Sakkwato a 1824, ta nan kuma Barth, matafiyi Bajamushe, ya koma gida a 1855. Amma a zamanin Vischer hanyar ta kusa mutuwa. Yaƙin Rabeh ya kashe cinikin, rijiyoyi ba mai kula da su kamar da, mahara kuma suna yawo.

Su wa ya bi hanyar da su? Nan ne gishirin maganar. Ayarin nasa ya ƙunshi alhazai masu komowa daga Makka da 'yantattun bayi, maza da mata, waɗanda suka maƙale a Tarabulus suna neman wanda za su bi zuwa Barno da ƙasar Hausa. Suka tashi a watan Yuli, ba su ga ruwan Chadi ba sai kusa da ƙarshen shekara. Azumin wannan shekara ya kama daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, wato a kan hanya ya same su.

Bature a bariki yana ganin mutanen ƙasa ta bakin tafinta, daga kan kujera, su kuma suna tsugune. A cikin ayari wannan tsari ba ya aiki. Digirin Kembirij ba ya nuna inda rijiya take. Wanda ya san hanya shi ne mai magana, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba: shi zai ce a tashi da dare saboda zafi, shi ya san kwana nawa salka za ta kai mutum, shi ya san wace rijiya ce rairayi ya binne sai an tona. In an sauka a zango, a durƙusar da raƙuma, a kwance kaya, a raba ruwa da awo, a raba rigimar da gajiya da ƙishirwa suke haifarwa. Shugaban ayari ba shi da dogari ba shi da kurkuku. In bai iya lallashi da harshen mutanensa ba, ayarin watsewa zai yi, in kuwa ya watse kowa ya halaka. Sa'an nan ga salla tana yanka rana kashi-kashi, ga alhazan da suka yi shekaru a hanya suka ga Masar da Hijaz, wasunsu sun fi yawancin Turawan bariki sanin duniya. A Balma, inda Faransawa suka kafa tutarsu a wannan shekarar, ya ga inda kantun gishirin da ake sayarwa a kasuwannin Hausa yake fitowa, da irin wahalar da ake sha kafin ya iso.

A ganina abu uku wannan tafiya ta cusa masa waɗanda suka bayyana a Nasarawa daga baya. Mutanen nan suna da ilimi tun kafin zuwansa. Addininsu ba riga ba ce da za a ce su tuɓe a bakin ƙofa. Kuma ba a jan su sai da yarensu.

Tafiyar aike

Tafiya ta biyu dabam take. Da Girouard ya ba shi aikin ilimi a 1908, sai ya tura shi ya je ya ga yadda ake yi a wasu wurare kafin ya aza tubali. A 1909 ya zaga Masar da Sudan da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Girouard ya san Sudan ciki da bai, domin shi ne injiniyan da ya shimfiɗa wa Kitchener, kwamandan da ya ci wa Ingila Sudan, layin dogo a hamadarta, don haka zaɓin wuraren ba da ka aka yi shi ba.

A wannan karon ba ya cikin ayarin talakawa. Baƙon jami'an Ingila ne, su suke nuna masa abin da zai gani, su suke fassara masa shi. Masar ta lokacin tana tafasa. Shari'ar Dinshawai ta 1906, inda aka rataye manoma saboda rigima da hafsoshin Ingila, ta tunzura 'yan boko, jana'izar Mustafa Kamil a 1908 ta cika titunan Alƙahira da ɗalibai. Abin da Turawan mulki suka karanta a cikin wannan shi ne cewa in ka ba yaro Turanci da karatu mai zurfi ba ka ba shi kujera ba, ka haifi ɗan jarida mai zaginka. Irin wannan kallo suke yi wa akawuna da lauyoyin bakin teku na Ikko da Ankara ta Gwalkwas, masu kwat da lakataye.

Sudan kuwa ita ce abin misali. Can James Currie yake riƙe da sashen ilimi da Kwalejin Gordon ta Hartum, wadda aka buɗe a 1902. Manufarsa a fili take, kuma taƙaitacciya ce: a samar da 'yan masu sana'ar hannu, a ba jama'a ɗan abin da za su fahimci yadda gwamnati take aiki, a horar da 'yan ƙalilan da za su riƙe ƙananan muƙamai. A cikin kwalejin akwai sashen horar da malamai da alƙalan shari'a, akwai ɗakin koyon sana'a, ana karantarwa da Larabci a matakin farko, an kuma nisanta mishan daga yankin Musulmi. A Gwalkwas kuma akwai makarantun Mishan ɗin Basel, mutanen garinsu, waɗanda tun ƙarni na 19 suka yi suna wajen karantarwa da harsunan Twi da Ga, da kuma horar da kafintoci da maƙera.

Ya dawo da tsari a hannu, ya kuma dawo da tsoro a zuci. Tsarin daga Hartum da makarantun Basel ya fito. Tsoron kuwa na Alƙahira ne da bakin teku.

Abin da ya shiga aji

A cikin 1909 ɗin aka buɗe makarantar a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, zamanin Sarki Abbas, da tallafin kuɗin baitulmali. Matakin farko da ya ɗauka shi ne ya fi nuna wayonsa: bai fara da yara ba, da malamai ya fara. Aka kawo manyan mutane masu karatun addini, aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, don su zama malaman yaran da za su biyo baya.

A dubi irin mutumin da yake zaune a wannan aji. Ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, yana rubuta wasiƙa da ajami. Hannunsa ya saba tashi daga dama ya nufi hagu, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa. Yau an ba shi fensir an ce ya tashi daga hagu. Wasulan da ya saba ɗorawa a sama da ƙasan baƙi yanzu sun zama haruffa masu zaman kansu a kan layi, in ya tsallake ɗaya kalma ta lalace. Kwanakin farko hannu yana gardama. Amma wannan mutum ya riga ya san cewa alama tana ɗaukar sauti, ya san zama a gaban takarda, ya san hadda. Abin da zai ɗauki yaro shekaru shi cikin watanni zai kama. In kuma ya koma garinsu ya zauna a gaban yara, uban yaro ba Nasara zai gani ba, malamin da ya sani zai gani da rawaninsa. Jami'in da bai taɓa zama da irin waɗannan mutane a kan buzu ɗaya ba zai ɗauka cewa daga sifiri za a fara, ya aika Ikko a kawo masa tica.

Daga nan aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna da na sauran yara, da sashen sana'a inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki. Ginin na ƙasa ne irin na gari, zama a kan tabarma. Yara suna cikin rigunansu da hulunansu, ba wanda aka sa wa gajeren wando. Waɗanda suka zo daga wasu larduna aka zaunar da su a gidaje irin na gida tare da masu kula da su. Karatun addini da Larabci yana hannun malaman Musulunci, ba a koyar da Kiristanci, duk da cewa mai makarantar tsohon ɗan mishan ne, kuma wannan ya jawo masa ƙorafi daga tsofaffin abokan aikinsa. Harshen koyarwa Hausa ce. Da yake babu littattafai, shi da mataimakansa suka shiga rubutawa, har a 1912 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa da haruffan boko. Haruffa masu ƙugiya da muke amfani da su yanzu sai a shekarun 1930 suka shigo, amma harsashin nasa ne.

Makarantar ta zauna. Sarakunan da suka ƙi Mila suka aiko wa Ɗan Hausa da yara, ko da yake ba duka da son rai ba. Labarin hakiman da suka riƙa tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu sananne ne a ƙasar nan. Waɗanda suka fito suka sami aiki a En'e, wasu a baitulmali, wasu cikin malaman taki masu auna gonaki don yanka haraji, wasu kuma suka je suka riƙe sababbin makarantun larduna da aka fara buɗewa a Sakkwato da Katsina da sauran wurare.

Kuɗin da aka biya

Amma tsoron nan da aka ɗauko a tafiya ta biyu shi ma ya sami wurin zama a aji, kuma shi ne ya yi wa karatun rufi. Turanci aka ajiye shi can gaba, ga 'yan kaɗan. Alhali da Turanci ake gudanar da ofisoshin gwamnati, da shi kamfanoni suke ciniki, da shi ake aikin jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Kujerun akawu da na gidan waya da na tasha suka tafi ga mutanen Kudu da Gwalkwas da Saliyo, waɗanda suka cika Sabon Gari. Yaron Nasarawa ya iya rubuta rasit ɗin jangali da Hausa, amma ba zai iya karanta takardar da Razdan ya aika Zungeru, hedkwatar gwamnatin Arewa ta lokacin, a kan garinsu ba. An kare shi daga zama baƙo a gidansu, an kuma bar shi baƙo a ofishin da ake yanke hukunci a kansa.

Gwamna Hugh Clifford, wanda ya karɓi Nijeriya a 1919, ya faɗi abin ƙarara. Ya koka cewa bayan shekara ashirin na mulkin Ingila, lardunan Arewa ba su fitar da ko mutum ɗaya da karatunsa ya isa ya riƙe mafi ƙanƙantar aikin akawu a ofishin gwamnati ba. Kwalejin Katsina da ya buɗe a 1922, wadda ta ɗauki Turanci da gaske, gyaran wannan giɓi ce, kuma daga cikinta su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam suka fito. 'Ya'ya mata kuwa sai wajen 1930 gwamnati ta buɗe musu wuraren karatu a Kano da Katsina. Mutumin da ya ga mata sun keta Sahara a cikin ayarinsa bai yi musu tanadin tabarma a makarantarsa ba. Shi ma ajami, wanda dubban mutane suka riga suka iya, zaɓin boko ya tura shi gefe a harkar gwamnati, kuma neman sauƙi ga Turawan da ba su iya karanta shi ba yana cikin dalilan.

Ba daidai ba ne a jibga wa mutum ɗaya wannan duka. Kuɗin da aka ware wa ilimi kaɗan ne, razdanoni ba sa son abin da zai girgiza sarakuna, sarakunan ma ba su matsa ba, yaƙin duniya na 1914 kuma ya janye Vischer daga Kano tun makarantar tana ƙarama. Sai dai abin lura ga mai shirin zama malami shi ne yadda tafiyoyin biyu suka yi aiki a kansa. Inda ya zauna da mutane, ya ci abin da suka ci, ya dogara da saninsu, ya fito da hukunci mai kyau a kan yadda za a koyar da su. Inda aka zaga da shi aka nuna masa, ya ɗauko hukuncin masu masaukinsa a kan iyakar abin da ya kamata a koyar. A Alƙahira ya ga ɗalibai masu zanga-zanga ta tagar wanda ake yi wa zanga-zangar. Ɗalibin kwalejin ilimi na yau da aka kai koyon aikin koyarwa wani ƙauye, ko ɗan bautar ƙasa da aka jefa wata jiha, yana tsakanin waɗannan hanyoyi biyu: ko ya san garin ta bakin iyayen yara da kasuwa da masallaci, ko ya san shi ta hirar ɗakin malamai, inda aka riga aka yanke cewa yaran nan ba sa ja.

Ra'ayin Vischer bai tsaya a Kano ba. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da yake ba Ofishin Ƙasashen Mallaka shawara kan ilimi a Landan, inda ya sake haɗuwa da Currie. Takardar manufa da kwamitin ya fitar a 1925, mai cewa a daidaita ilimi da al'adu da sana'o'in kowace al'umma, ruhin Nasarawa ne aka shimfiɗa wa Afirka ta Ingila baki ɗaya, da alherinsa da rufinsa.

Ya rasu a 1945. Shekara ɗaya bayan haka wani malamin Midil ta Bauci, Bakano ɗan shekara 26, ya yi tafiyar ta ɗaya fuskar. Malam Aminu Kano ya isa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, ya tarar da gwamnatin Leba a kan mulki, 'ya'yan leburori da masu haƙar kwal suna zaune a majalisa, Indiya tana gab da karɓar 'yanci. Shi ba jami'ai suka zaga da shi ba, da ɗalibai da 'yan siyasar talakawa ya yi cuɗanya, sai ya ɗauko ainihin abin da aka yi shekaru ana tsare makarantun Arewa daga gare shi. Da ma yana rubuta wasannin kwaikwayo da ɗalibai suke yi, masu zolayar zalunci da almundahana. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Hukuma ta ɗauke shi daga Bauci ta kai shi makarantar horar da malamai ta Maru a lardin Sakkwato, can ma bai daina karo da En'e ba. Tsarin da aka gina don kada makaranta ta taɓa sarauta ba shi da wurin ajiye irin wannan malami, shi ma ya gane haka. A ƙarshen 1950 ya ajiye alli ya koma Kano ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a watan Agusta na wannan shekarar.